Mai waina da ta daina jin miyarta: labarin wata 14, daga farko har inda abin ya tsaya

Wacece ita

Gwaggota ce, ƙanwar babanmu, ba zan kama suna ba don na san halinta, in ta ji na saka ta a intanet sai mun yi sati ba ta amsa gaisuwata ba. Lokacin da abin ya faru shekararta 52, tana zaune a wata unguwa cikin birnin Kano, sana'arta waina da miyar taushe, ta haura shekara 20 tana yi. Kullum mudu 6 na shinkafa take jiƙawa, ran Juma'a har 8, banda odar biki da suna da ake kawo mata. Ba ta da ciwon suga, ba ta taɓa sanin tana da hawan jini ba, ba ta shan komai sai goro jefi-jefi. Nauyinta kilo 78 a awon ƙarshe da na yi mata kafin ciwon.

Ni kuma ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti, shi ya sa take tsokanata da "likita", shi ya sa kuma nake da ɗan littafin da na riƙa rubuta abin da ke faruwa da ita, daga ciki na kwaso wannan.

Abu ɗaya da ya kamata a sani game da ita shine ba ta taɓa auna komai ba. Gishiri da hannu, daddawa da hannu, kanwa da ido. In ta buɗe robar ƙullu da asuba ta sunkuya ta shaƙa, ta san ko ya tashi ko ya zarce. In miya na tafasa tana tsakar gida tana wanke-wanke za ka ji tace "ke rage wutar nan, gyaɗar ta kama", ba ta ko leƙa tukunyar ba.

Afrilu zuwa Mayu 2020: farkon abin

Ranar 11 ga Afrilu aka sanar da mutum na farko da ya kamu da korona a Kano, ranar 16 aka kulle gari, ranar 24 aka ɗauki azumi. Duk wanda yake Kano a lokacin ya san irin zaman da aka yi, kullum sai ka ji sanarwar rasuwa. Kwana 5 da fara azumi Gwaggo ta kwanta da zazzaɓi da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi, tari kaɗan, numfashinta lafiya lau. Aka ce maleriya ce, aka sayo magani a kemis ta sha, kwana 4 zazzaɓin ya sauka. Ba a yi mata gwajin korona ba, a lokacin ma ko ka ambaci sunan cutar a gida sai an harare ka.

Ran da ta fara samun ƙarfin jiki aka dama mata kunun tsamiya da shan ruwa, ta kurɓa tace ruwan zafi kawai take sha. Aka kawo ƙosai tace kamar tana tauna katifa. Babu wanda ya damu, don kowa ya san bakin mai maleriya, ɗacin baki da rashin son abinci ai gama-gari ne. Abin da ni kaina ban lura da shi ba sai daga baya shine hancinta a buɗe yake, ba mura ba majina, amma ta kunna turaren wuta a ɗaki har hayaƙi ya turnuƙe tana tambayar yara wai garwashin ya mutu ne.

A sati 2 na farko har suga da gishiri tace ba ta jinsu sosai. Wajen ƙaramar Sallah, 24 ga Mayu, tace zaƙi ya dawo, tsami ma ya dawo, amma "abinci ba rai", kalmarta kenan. Miyar Sallah da ta yi da hannunta kuwa gishiri ya yi mata yawa har mai gidanta ya ajiye cokali, abin da bai taɓa faruwa ba tunda aka kawo ta gidan.

Yuni zuwa Yuli 2020: an tasa harshe a gaba

Bayan Sallah ta koma suya a cikin gida, yara na zuwa saye. Wainar ba laifi saboda hannu ya riga ya saba, matsalar miya ce. Tana ɗanɗanawa ta ji salam sai ta ƙara gishiri, ta ƙara magi, ta ƙara farin magi, ta ƙara attaruhu, don waɗannan ne kaɗai suke yi mata magana a baki. Kwastomomi suka fara cewa a ba su waina da ƙuli ko da suga, a bar miyar. Wasu suka daina aikowa ba tare da sun ce komai ba. Daga mudu 6 ta dawo 4, kafin ƙarshen Yuli 3.

Sau biyu tukunya tana ƙonewa tana zaune a gefenta, sai maƙwabciya ce ta jiyo ƙauri ta katanga ta ƙwala mata kira. Sau ɗaya kuma ta ɗumama miyar da ta kwana ta lalace ta zuba wa yara, Allah ya taimaka babbar 'yarta ta shaƙa kafin a ci.

Magani kuwa an sha. Tunda kowa cewa yake bakinta ne ya mutu, duk abin da aka kawo na baki ne. Zuma da habbatussauda safe da yamma wajen wata guda. Shayin citta da kanumfari da lemon tsami. Kankare harshe da cokali wai datti ne ya rufe shi, har sai da ya yi ja yana mata zafi. Wata ƙawarta tace basir ne ya taso mata, aka haɗo jiƙo. Daga nan mai kemis yace taifot ne bai fita ba, ya haɗa mata magunguna na kwana 7 har da Flagyl, shi kuma wannan maganin sananne ne wajen barin wani ɗanɗano kamar ka tsotsi ƙarfe a baki, sai ta dawo tana cewa yanzu kuma bakinta tsatsa yake, kowa ya ƙara tabbatarwa lallai ciwon a baki yake. Da ta gama shan maganin da kwana 2 ƙarfen ya tafi, salam ɗin yana nan.

Ni ma na saka nawa hannun, na kawo mata ƙwayar zinc da bitamin ta sha sati 4, ban ga wani canji ba. Zinc yana taimakon wanda jikinsa ke da ƙarancinsa ne, ita kuwa babu alamar haka.

Wanda ya fi yin ɓarna shine maganin ɗigawa a hanci na buɗe mura da wani ya ba ta shawara. Irin wannan ba a son a wuce 'yan kwanaki ana amfani da shi, ita ta yi sati 3 tana ɗigawa, sai hancin da yake a buɗe tun farko ya koma toshewa duk sanda maganin ya sake ta, ta sake ɗigawa, haka dai. An je neman ƙiba an samo rama.

Agusta 2020: naman layya

Babbar Sallah ta kama 31 ga Yuli. Washegari aka ɗora suya a tsakar gida, ana zuba nama a mai Gwaggo ta miƙe da gudu ta yi bayan gida tana amai. Tace mushe ake soyawa, mushen da aka haɗa da tayar mota aka cinna wa wuta. Mu kuwa ƙamshi ne ya cika mana gida har yara na santi. Wannan ne karon farko da hancinta ya ji wani abu cikin wata 3, kuma abin da ya ji ɗin ƙarya ne.

Cikin sati 2 jerin abubuwan da suka koma mata wari ya yi tsawo: albasa musamman in ana soyawa, tafarnuwa, ƙwai, soyayyar gyaɗa, daddawa, man goge baki, sabulun wankanta, humrar da ita da kanta ta haɗa. Abin mamakin duk wari ɗaya suke mata, wannan dai na ƙonannen mushe. Ku duba jerin nan ku duba miyar taushe, albasa da gyaɗa da daddawa da nama, wato sana'arta ce gaba ɗaya ta koma mata juji. Ta ajiye tanda a tsakiyar Agusta.

Abinci ya gagara. Farar shinkafa da gishiri, fura da nono, sai biredi. Ƙarshen Agusta na ɗora ta a sikeli kilo 70. Ta daina zama cikin mutane lokacin cin abinci, in ana girki sai ta shige ɗaki ta rufe ƙofa ta toshe hanci da mayafi, ga ta da saurin kuka, matar da ban taɓa ganin hawayenta ba sai a rasuwar kakarmu.

Nan ne maganar ta canja salo a dangi. Mace mai kasuwa, rana ɗaya abincinta ya koma mata wari ita kaɗai, wasu suka ce hannu ne aka sa mata, wasu suka ce iska ne, har an fara nuna wata mai waina ta bayan layi da baki, baiwar Allah ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Aka yi rubutu aka yi tofi aka yi ruƙiya. Addu'ar ta kwantar mata da hankali ƙwarai, ta samu barci, wannan na gani da idona. Hayaƙin da aka haɗo mata na turarawa ne ya zama azaba, don shi ma warin mushen yake mata, kwana 3 tace a fitar mata da shi daga gida.

Satumba 2020: kofi biyar

Abin da ya juya lamarin ba wani babban abu bane. Wata rana na same ta tana shan fura tace "likita, sugan nan ya yi yawa", nace Gwaggo ashe kina jin suga? Tace ina ji mana, daɗin ne babu. Sai na tashi na jera kofuna 5 da ruwa, ɗaya na sa suga, ɗaya gishiri, ɗaya na matsa lemon tsami, ɗaya ruwan shuwaka, na ƙarshe farin magi. Na ɗaure mata ido da ɗankwali tana ta mita wai na maida ta 'yar tsana. Duk biyar ɗin ta faɗe su daidai, na farin magin ma cewa ta yi "wannan ruwan romo ne da ba nama". Na kawo kanumfari da lemo da sabulu da kananzir kusa da hancinta, lemo ba ta ji komai ba, kananzir ba ta ji komai ba, sabulu tace mushe, kanumfari tace wani ɗan yaji-yaji take ji can ciki amma ba ƙamshi ba.

Sai na juya kan 'ya'yanta don ta gani da idonta. Na sayo alawa iri biyu, mai lemo da mai abarba, nace kowa ya rufe ido ya matse hancinsa na jefa masa ɗaya a baki. Duk suka ce zaƙi da ɗan tsami, babu wanda ya iya cewa wacce ce. Suna sakin hanci sai ka ji "laa abarba ce". Gwaggo ta yi shiru tana kallonsu, can tace "to ni nawa hancin wa ya matse min?"

Hausa ma tana da hannu a ruɗanin nan in ka duba. Da "ji" muke yin komai, ka ji magana ka ji ƙamshi ka ji zaƙi ka ji zafi, in mutum yace ba ya jin daɗin abinci ba ka san ta wace ƙofa abin ya tsaya ba. Harshe abin da yake ganewa kaɗan ne, zaƙi, gishiri, tsami, ɗaci, sai na biyar ɗin nan na romo da daddawa da magi, wanda wani masanin Japan mai suna Kikunae Ikeda ya gano sinadarinsa a 1908 ya sa masa suna umami, daga aikinsa ne aka fara yin farin magin da muke sayowa a ƙulle a leda. Yajin barkono da na citta da sanyin na'a-na'a ba ɗanɗano bane, wata jijiya ce daban ta fuska mai jin zafi da sanyi take ɗaukarsu, shi ya sa Gwaggo ta riƙa jin attaruhu ko a lokacin da komai ya ɗauke. Baurin goro ma taɓi ne, baki ne yake tamkewa. Sauran duka, abin da ya bambanta miyar kuka da ta kuɓewa, garɗin gyaɗa, armashin man shanu a kan tuwo, yawancinsa ƙamshi ne da yake tashi daga cikin baki in kana tauna ya bi ta bayan maƙogwaro ya hau hanci ta ciki. Mutum yana da na'urorin gane ƙamshi kusan iri 400 a can saman hanci, Linda Buck da Richard Axel ne suka gano danginsu a 1991 har aka ba su kyautar Nobel a 2004. Iri 400 a hanci, 5 a harshe, ka ga inda yawan daɗin yake.

A satin na kai ta wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Kafin mu shiga aka gwada jininta, 168 bisa 102. Aka sake bayan ta huta, bai sauka wani abin kirki ba. Ko da can tana da shi ba a sani ba ko kuwa gishiri da magin wata 3 ne suka tunzura shi, likitan yace duka biyun suna iya haɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya kenan har da wanda ke cikin magi, ita kuwa a Yuni da Yuli abin da take barbaɗawa a kwanonta kaɗai ya wuce haka.

Ya leƙa hancin da na'ura, babu tsiro babu ƙari, sai kumburin da maganin ɗigawa ya jawo. Ya tambayi ko ta taɓa buguwa a kai, a'a. Yace "Hajiya, abin da ya fi kama da gaskiya zazzaɓin nan na azumi korona ce." Ta ɓata rai. Ya yi mata bayani a hankali cewa ƙwayar cutar tana kama wasu ƙwayoyin halitta da suke tallafar jijiyoyin ƙamshi a saman hanci, in suka lalace jijiyoyin sai su daina aiki ko da hanci a buɗe yake, kuma ɗaukewar ƙamshi da ɗanɗano sananniyar alama ce, a Ingila tun 18 ga Mayu aka saka ta cikin jerin alamomin cutar a hukumance. Warin da take ji kuma yana da suna, parosmiya, yakan zo wata 2 ko 3 bayan ciwon lokacin da jijiyoyin suke sake tohowa, wasu sun dawo wasu ba su dawo ba, saƙon da ke isa ƙwaƙwalwa sai ya je a gutsure ita kuma ta fassara shi da wari. Yace a wurinsa warin nan ya fi shirun da ta yi a baya, alama ce akwai motsi.

Ya hana maganin ɗigawar nan take, ya rubuta wani na fesawa mai rage kumburi na sati 4 da wanke hanci da ruwan gishiri, aka ɗora ta a maganin hawan jini, sannan ya kawo maganar horar da hanci.

Oktoba zuwa Disamba 2020: kwalba huɗu da gwangwanin madara

Wannan horon wani likita ne a Dresden ta Jamus, Thomas Hummel, shi da abokan aikinsa suka fitar da shi a 2009: ƙamshi 4, fure wardi da lemon tsami da kanumfari da ganyen bishiyar turare, a shaƙa kowanne na 'yan sakanni safe da yamma har sati 12. Muka nemo ƙananan kwalabe 4 masu murfi, ɗaya kanumfari dakakke, ɗaya ɓawon lemon tsami da ake canjawa duk kwana 2, ɗaya ganyen turare da aka murje, ɗaya auduga da turaren wardi. Bayan sallar asuba da bayan isha'i, kowace kwalba kamar sakan 20, shaƙa a hankali ba zuƙa da ƙarfi ba, tana yi tana tuno yadda abin yake a da. Na ba 'yarta littafi tana rubuta maki daga 0 zuwa 10 duk Juma'a.

Sati 3 na farko sifili ne reras banda kanumfari da ganyen turare da take ba 2, su ma likitan ya riga ya gargaɗe mu cewa suna taɓa waccan jijiyar ta yaji da sanyi, kar mu ɗauka ƙamshi ne. A sati na 4 ta yi zuciya ta daina na kwana 9, tace wasan yara ne, mace da jikoki tana shinshina kwalba kamar mage. Mai gidanta ne ya lallaɓa ta, ya riƙa zama kusa da ita yana buɗe mata kwalaben da kansa, wallahi ban taɓa zaton zai iya ba.

Feshin ya buɗe hancin cikin sati 2 amma bai dawo da ƙamshi ba, mun dai rabu da ɗigawa.

Ta ɓangaren ci muka bi ta inda ba wari. Mun lura abu mai zafi ya fi tayar mata da hankali saboda tururi ne ke kwaso ƙamshin, sai aka riƙa barin abincinta ya huce. Dafaffe ya fi soyayye sauƙi nesa ba kusa ba, naman da aka tafasa ba albasa tana iya ci, soyayye ko gasasshe kuwa ko kusa. Wake da shinkafa, dankalin Hausa, kabewa, zogale da ɗan lemon tsami maimakon ƙuli, kankana, gwanda, nono. Aka maye gishiri da tsami, tsamiya da yakuwa da lemo, tunda harshenta yana jinsu kuma ba sa taɓa hawan jini. Man goge baki ta bar shi ta koma asuwaki. Risho da silindar gas aka ce kar ta kunna in ba kowa a gida, tunda ko yana zuba ba za ta ji ba.

Sana'a kuma a Nuwamba ta dawo, da sharaɗin da ya fi mata ciwo fiye da kwalaben: awo. Muka zauna da 'yarta mai shekara 16 aka yi miya sau 3 ana gyarawa, mai gida da wata tsohuwar kwastoma suna ɗanɗanawa har suka ce yauwa wannan ce ta da. Aka rubuta a bayan kwali aka manna a bangon kicin, gyaɗa gwangwanin madara kaza, daddawa kaza, gishiri cokali kaza a shafe ba a tsiri ba. Yarinyar ce ke soya albasa da nama tun dare Gwaggo tana ɗaki, ita kuma ta karɓi ƙullu da tanda. Ƙullun a da hanci ke gaya mata ya tashi, yanzu sai ta koma kallon kumfa da ɗanɗana tsaminsa a harshe, kuma ya yi. Ta fara da mudu 2.

Sati na 9 ne aka samu abu na farko. Tana ɓare lemon zaƙi wa jikanta sai ta tsaya cak, ta sake kai ɓawon hanci, tace ya zo ya wuce kamar walƙiya amma lemo ne, lemo na gaskiya. A ƙarshen sati 12 littafin ya nuna lemo 5, kanumfari 5, ganyen turare 4, wardi 1. Nauyi kilo 72, jini 142 bisa 90.

Janairu zuwa Yuni 2021

Likitan yace a ci gaba kuma a canja kayan, sai muka sa citta busasshiya, kimba, humrarta, da daddawa don ita ta nema da kanta, tace gara ta saba da abokiyar gabarta. Abin ba a miƙe ya tafi ba, a Fabrairu ta yi mura ta sati guda komai ya sake ɗaukewa, ta tsorata sosai, bayan sati 2 ya dawo inda yake. Warin mushen ya riƙa raguwa abu-abu, gyaɗa ce ta fara komawa gyaɗa, sai daddawa, sai nama.

Azumin 2021 da aka fara 13 ga Afrilu, shekara guda kenan a lissafin watan Musulunci, ita ta yi miyar shan ruwa da bakin azumi ba ɗanɗanawa, da kwalin bango da ɗan abin da hanci ya ba ta. A Yuni na rufe littafin: lemo 9, citta 8, daddawa 7, humra 6, wardi 4. Nauyi kilo 75, jini 134 bisa 84 tana kan magani, kasuwa mudu 5.

Yadda nake kallon abin yanzu

Wata 4 aka ɓata ana yi wa harshe magani alhali tun kafin ƙaramar Sallah ya warke da kansa, dama ƙwayoyin ɗanɗano na harshe suna sabuntuwa duk bayan kamar kwana 10 zuwa sati 2. Zuma da citta ba su cutar da ita ba, ba su kuma taɓa inda ciwon yake ba. Waɗanda suka cutar da ita su ne kankare harshe, haɗin kemis na taifot ɗin da babu shi, maganin ɗigawa, da uwa uba gishirin da ta riƙa nema da shi abin da gishiri ba zai iya bayarwa ba. Laifina a ciki shine gwajin kofi 5 ɗin nan da bai ci naira 100 ba, a Mayu ya kamata in yi shi ba Satumba ba, ina ma'aikaciyar lafiya ina ganin turaren wuta yana hayaƙi a gabanta ba ta ji amma na je ina sayo zinc.

Kwalaben fa, su suka warkar da ita? Jijiyoyin ƙamshi suna sake tohowa da kansu, mutane da yawa sun warke ba su shinshina komai ba, binciken da aka yi kan horon kuma taimako yake nunawa daidai gwargwado, ba wai yankan wuƙa ba. A ganina lokaci ne ya yi babban aikin, horon ya tura, ya kuma ba ta abin yi da lambar da za ta kalla duk Juma'a ta ga ana motsi a lokacin da ta fara fidda rai. Abin da ya ceci sana'ar kuwa ba magani bane, kwalin bango ne da 'yarta. Sanin sunan ciwon ma ya yi nasa aikin, daga ranar da likita ya faɗa ba a sake ambaton mai wainar bayan layi ba.

Har yanzu ba ta koma yadda take ba ɗari bisa ɗari. Ƙwai soyayye ba ta ci, albasa in ta fara ja a mai tana ɗan yi mata wani ƙauri-ƙauri sai ta matsa gefe, turaren wardi kuma tace kamar ana mata magana daga wani ɗaki. Kwalin yana nan a bango ya yi baƙi da hayaƙi, an sake rubuta shi sau biyu, da za a kai 'yar tata ɗakin miji ma sai da ta kwafe shi a waya ta tafi da shi.